Rufin da Ba Ya Son Ƙusa

A gidanmu Injiniya ake kirana, kuma ba yabo ba ne. Aikina na gaskiya koyar da tarihi a makarantar sakandare, shekara ashirin da 'yan kai ina faɗa wa yara kurakuran da magabata suka yi, sannan in dawo gida in yi nawa. Sunan ya samo asali ne daga ranar da na gyara fankar falo, ta koma tana juyawa da baya, tana kwashe 'yar iskar da muke da ita tana kai wa silin. Matata ce ta raɗa mini shi. Yara suka ɗauka. Har Inna, mahaifiyata, wadda ta fi kowa sanin sunana na gaskiya, da shi take kirana, musamman idan wani abu ya lalace.

Rufin gidanmu kwano ne irin na da, mai tudu da kwari, shekararsa ashirin da shida. Ni ne likitansa. Ilimina a kansa bai da yawa amma na riƙe shi gam: idan kwano ya ɗaga, a ƙara ƙusa. Idan ya yi yoyo, a ƙara ƙusa a shafa kwalta. Idan bai yi komai ba, a ƙara ƙusa saboda gaba. Duk farkon damina sai in jingina tsani, in hau da guduma da gwangwanin kwalta, in yi ta ƙwanƙwasa har maƙwabta su san cewa ruwa ya kusa.

Ɗakin Inna shi ne na kusurwa, kuma nan ruwan ya fi so. Ta zagaya da gadonta duk bangon ɗakin guda huɗu, ruwan na biye da ita kamar mai neman gaisuwa. Takan ce a ɗakinta kwano iri biyu ne, na sama mai zubarwa da na ƙasa mai tarewa, kuma na ƙasan ya fi riƙon amana. Duk wannan da dariya take faɗa. Ranar da dariyar ta ƙare ita ce ranar ruwan ƙarshe na bara, da ɗigo ya sauka a kan keken ɗinkinta. Shekara arba'in Inna ta yi tana ɗinki, da keken nan ta yi mana kuɗin makaranta, yanzu ido ya yi rauni amma kullum sai ta goge shi ta lulluɓe.

"Injiniya, zo ka ga aikinka."

Na je na gani. Ɗigo ɗaya ne, yana zaune a kan ƙarfen keken kamar bai san abin da ya yi ba.

"Ka buɗe kunnenka. Damina mai zuwa, ɗigo ɗaya ya sauka a ɗakin nan, gidan Auta zan koma. Ba zan yi faɗa da kowa ba. Kayana kawai zan ɗaure."

Auta ƙanina ne, mai kantin magani. Shekara uku ke nan da ya gina gida, ya ware ɗaki mai banɗaki a ciki da taga mai kallon bishiyar lemo, ya sa masa suna ɗakin Inna, alhali Inna ba ta taɓa kwana a ciki ba. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga kai ya dubi silin ɗinmu mai taswirar ruwa, ya ce, "Yaya, ana ƙoƙari." Ni ne babba. Idan Inna ta bar gidan babban ɗanta ta koma gidan auta saboda yoyo, har jikokinmu sai sun ji labarin, kuma Auta ne zai ba su shi. Ban da wannan ma, ni na saba da tarin Inna da safe, da muryarta tana yi wa yara faɗa a kan takalma. Gida ba ita, ban san yadda zan shige shi ba.

Da rani ya yi nisa na fara laluben gwangwanin kwalta. Matata ta tsaya a bakin sito, hannu a ƙugu.

"Ajiye. Wannan karon masu aiki za a kira."

"Ai ni ma..."

"Masu aiki, na ce. Waɗanda idan sun sauko ruwa ba ya biyo su."

Wanda aka kawo mana dogo ne siriri, ba ya gaggawar magana, kullum tef ɗin awo na rataye a ƙugunsa, shi ya sa ake ce masa Mai Awo. Abokin aikinsa kuwa wani dattijo ne mai tumbi da ake kira Na-Ƙasa, don tunda ya faɗo daga wani gini shekarun baya ya yi sallama da tsani, ya koma kula da inji. Mai Awo ya hau rufin, ya daɗe, ina jin takunsa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da ya sauko ya kaɗe hannu ya dube ni.

"Maigida, wa ke yi muku gyaran rufin nan?"

"Wani ne," na ce.

"Allah ya shirye shi. Wannan ai ba rufi ba ne, rariya ce. Falle ɗaya na ƙirga ƙusa sittin da ɗaya, na gaji na bari."

Daga kicin matata ta ɗago murya: "Wanin yana gaishe ka!"

Mai Awo ya yi kamar bai ji ba, abin da ya sa na fara son sa ke nan. Ya je mota ya ɗauko guntayen kwano biyu, shimfiɗaɗɗu sumul, kowanne gefensa a tsaye kamar bangon faranti. Ya jera su a kan tabarma, ya haɗa gefe da gefe.

"Irin wannan zan sa muku. Kowane falle tun daga ƙoƙuwar rufi har bakinsa guda ɗaya ne, ba haɗi a tsakiya. Gefen wannan ya hau gefen wancan, a naɗe su tare, haɗin ya tsaya a tsaye sama da inda ruwa ke bi."

"To, ina ƙusar take shiga?"

"Ba ƙusa."

"Sukuru ke nan."

"Akwai sukuru, amma ba ya taɓa fuskar kwanon." Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa daga aljihu. "Wannan nake kira kunne. Shi ake ɗaurewa a katako, ya kama gefen falle, sai falle na gaba ya rufe shi. A naɗe har da shi. Daga sama ba ka ganin komai, ruwa ma ba ya ganin komai."

Na juya kunnen a hannuna. Bai fi ɗan yatsa biyu ba. Na ce masa ni fa na san iska, na ga abin da take yi wa rufin da aka yi wa ƙusa ɗari, balle wanda aka ce ya riƙe kansa da kunne.

"Maigida, duk inda ka huda kwano ka buɗe wa ruwa ƙofa. Kuma kwano numfashi yake yi. Rana ta buɗe ya miƙe, sanyi ya sauka ya tsuke. Falle mai tsawon ɗakin nan yana ƙara kusan rabin faɗin yatsa. Kunnen yana riƙe shi kada ya tashi, amma yana barin sa ya zame gaba da baya. Ka danne shi da ƙusa, ba zai daina motsi ba, ƙusar zai ci."

Ban ji fitowar Inna ba, sai ganin sandarta na yi a gefen tabarma.

"Miƙo mu gani, ɗan nan." Ta kai guntayen kusa da idonta, ta bi haɗin da babban yatsa. "Af! Ai kalmasa ce. Ninki biyu kake yi ko ɗaya?"

Mai Awo ya washe baki karo na farko. "Biyu, Inna."

"Haka ya kamata. Ɗaya warwarewa take yi. Kuma ka bar masa sarari, ko? Yadi ma idan ka ɗinke shi cif-cif, wanki ɗaya ya tattare."

"Wallahi shekara goma ina wannan bayanin, ba wanda ya taɓa gane shi da sauri haka."

"Ai ba malamin makaranta ba ce ni," in ji Inna.

Daga ranar sunan rufin ya zama rufin kalmasa, ni kuma aka ba ni muƙamin mai kawo ruwan sha.

Kwana biyu suka yi suna yaye tsohon kwano. Abin da suka tono ya fi abin da nake koyarwa a aji zama tarihi. Ga facin robar taya, ga gwangwanin madara da na buɗe na daddale, ga wata tsohuwar lambar mota da na manta inda na samo ta, ga murfin tukunyar da matata ta yi shekara huɗu tana zargin maƙwabciya a kansa. Na-Ƙasa ya riƙa jera su a gindin katanga ɗaya bayan ɗaya kamar kayan baje koli. Matata ta ɗauki murfin ta dube shi, ta dube ni, ta saka mayafi ta tafi gidan maƙwabciyar.

Suka canja katakan da suka ruɓe, Mai Awo ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ce gidan ya ɗan karkace, sai ya yi ciko a wasu wurare, don irin wannan kwanon ba ya ɓoye aibin abin da ke ƙarƙashinsa. Suka shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri. Sannan aka kawo injin a bayan mota, da wani ƙaton naɗin kwano mai ruwan toka kamar tabarmar ƙattai. Na-Ƙasa ya cusa bakin naɗin ta baya, injin ya yi gurnani, sai ga falle yana fitowa ta gaba, gefensa a tsaye, yana ta tsawo har ya wuce ƙofar maƙwabcinmu. Mai Awo daga sama ya faɗi awo, Na-Ƙasa ya yanke. Duk layinmu aka fito kallo. Mai shagon bakin layi ya bar shagonsa a buɗe, ya zo ya tsaya kusa da ni yana kaɗa kai.

Abin da ya fi jan 'yan kallo shi ne ɗan injin kalmasar. Bai fi akwatin rediyo girma ba. Mai Awo zai ɗora shi a kan haɗin daga ƙasa, ya danna, sai ya kama hawa rufin shi kaɗai, yana naɗe gefen yana wucewa. Inna ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida. Duk haɗin da aka gama sai ta ce a faɗa mata ko ya miƙe. Sau ɗaya ta ce na bakwai ya karkace. Da ido mai rauni, daga ƙasa. Mai Awo ya auna, ya warware shi ya sake.

Ni ma na ba da shawarwari. An karɓe su da ladabi, an ajiye su a gindin katanga tare da lambar motar.

Ranar da aka gama, rufin ya fito sumul, layuka a tsaye tun daga sama har ƙasa, ba tabo ko ɗaya. Gidan ya yi kamar an yi masa aski. Mai Awo ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Roƙona ɗaya ne, kada kowa ya hau." Da ya ce kowa, ni ya duba.

Kwana goma bayan nan aka yi wata iska da rana tsaka, ba ruwa, iska kawai. Ta ɗauke rumfar mai shago ta kai ta bayan makarantar yara. Rufinmu ko gezau. Amma da na je yi masa jaje, mai shago ya ce, "Malam, tawa fa da ƙusa ta tafi. Naka rufin da ba ko ɗaya, sai dai ka riƙa ɗaure shi da addu'a. Ni ina son in yi irin naka, amma bari in ga yadda za ku ƙare da damina tukuna."

Maganar nan ta shige ni. A aji ina bayanin faɗuwar dauloli, a raina ina ganin rufin ɗakin Inna yana tashi sama kamar shafin littafi, Inna na zaune a gado ruwa na dukan ta, Auta na ajiye mota a ƙofar gida. Na yarda da Mai Awo, ban ce ban yarda ba. Amma na ce a raina, kunne dai kunne ne, ɗan ƙari ba ya ɓata miya. Kuma ba duk rufin zan taɓa ba. Ɗakin Inna kawai, don nan ne ba a son kuskure.

Ranar Asabar matata ta kai Inna wurin likitan ido. Suna karya kwana na jingina tsani. Na je na sayo ƙusa mai hular roba, mafi kyau a kasuwa, don ba na son aikin ganganci. Sabon rufin santsi gare shi kamar sabulu, ga zafi, da rarrafe na isa. Falle uku ne a kan ɗakin Inna. Na laluba inda katako yake, na kafa ƙusa ta farko. Ƙarar da ta yi ta yi mini daɗi, irin daɗin jin muryar tsohon aboki. Goma sha huɗu na buga, a jere, tazara daidai, har da awo. A ta ƙarshe gudumar ta kuskure ta sami babban yatsana, na faɗi wasu kalmomi da ba na koya wa ɗalibai. Na sauko ina tsotsar yatsa, zuciyata fes. Daga ƙasa ba a ganin komai.

Ruwa ya yi jinkiri, rana ta buɗe sosai har mako uku. Sai rufin ya fara magana. Ko'ina a gidan shiru, amma a kan ɗakin Inna, da hantsi sai ka ji taƙ, can kuma ƙas, da yamma ya sake.

"Injiniya, rufina tari yake yi."

"Numfashi ne, Inna. Ai kin ji mai aikin ya ce yana numfashi."

"Na falo ba ya numfashi ne? Ko shi ya mutu?"

Na ce zan bincika. Ta dubi hannuna, na saka shi a aljihu.

Ruwan farko ya sauko ranar Talata da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Na dawo daga makaranta a jiƙe, na bi ɗaki-ɗaki ina duba silin. Falo a bushe. Ɗakin yara a bushe. Namu a bushe. Kicin da ya shekara goma yana zuba, a bushe ƙamas. Na nufi ɗakin Inna da murmushin wanda ya yi wa wuri gata na musamman.

Tana zaune a bakin gado, hannu a kan sanda. Matata na tsaye da bokiti. Wuri biyar silin ke ɗiga, a jere, tazara daidai.

"Kira mini Auta," Inna ta ce wa matata. "Ki kira mini Mai Awo kuma. Gobe da safe nake son su duka."

Washegari Auta ya riga kowa zuwa. Ya ajiye mota a bakin ƙofa, ya buɗe but ɗin motar ya bar shi a buɗe, don duk mai wucewa ya san ɗaukar kaya aka zo yi. Ya gaishe ni da fuskar jaje wadda dariya ke leƙowa ta gefenta.

"Yaya, ana ƙoƙari. Allah ne bai nufa ba."

Mai Awo da Na-Ƙasa suka iso. Mai shago ma ya biyo su, wai ya zo gaida Inna. Aka fito mata da kujerarta tsakar gida, akwatinta ɗaya a ɗaure a gefe. Da na ga akwatin na san da gaske take, don Inna ba ta ɗaure kaya don wasa.

"Malam mai rufi," in ji Auta, "wannan ne rufin da aka ce jikoki za su gada? Ruwa ɗaya fa. Ɗaya tak."

Mai Awo ya jingina tsani ya hau. Muka ji takunsa ya nufi kusurwa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa, ban taɓa ganin tururuwa mai ban sha'awa irin ta ba.

Ya sauko, hannu ɗaya a dunƙule. Ya dube ni daƙiƙa ɗaya, sannan ya juya wajen Inna.

"Zan gyara, Inna."

"Ba gyara aka tambaye ka ba," in ji Auta. "Me ya faru? Aikin ne bai yi ba, ko kwanon ne na banza?"

"Zan gyara, na ce."

Mai shago ya yi tsaki a hankali. "Allah ya so ni ban yi gaggawa ba."

Na-Ƙasa ya fusata. "Kai, faɗa musu mana! Shekara nawa muna aikin nan, rufinmu bai taɓa zubar da ko hawaye ba. Me ka gani a can? Ka san ba zan iya hawa in duba ba, shi ya sa kake mini haka!"

Mai Awo ya cusa dunƙulallen hannunsa a aljihu. Mutumin nan zai bar sunansa ya ɓaci a layinmu don kada ya kunyata ni a gaban uwata da ƙanina. Na lissafa abin a raina da sauri, kamar yadda matsoraci ke yi. Idan na yi shiru, Inna za ta tafi amma laifin na wani ne. Idan na yi magana, Inna za ta tafi kuma laifin nawa ne, Auta ya sami labarin da zai ci har tsufansa. Shiru ya fi araha ta kowace fuska. Sai na ji bakina ya buɗe ba da izinina ba.

"Goma sha huɗu ne."

Kowa ya juyo.

"Ƙusoshin. Goma sha huɗu ne, idan ka ƙirga. Masu hular roba. Ni na sa su."

Matata ta ajiye tiren shayi a hankali, kamar mai tsoron kada ta jefe ni da shi.

"A sabon rufin?" in ji Auta. "Yaya, sabon rufin ka huda?"

"Ƙarfafa shi na yi."

Na-Ƙasa ya zauna a kan bokiti ya riƙe tumbinsa, dariya ta hana shi numfashi. Mai Awo ya fito da hannunsa ya buɗe, ga ƙusa ɗaya a tanƙware.

"Da hannu na zare ta, maigida. Kwanon ya yi ta ja da baya yana dawowa, ita kuma ta ce ba inda za shi. Ramin da ka yi zagayayye, yanzu ya zama dogo."

"Kamar ƙofar maɓalli," in ji Inna.

"Kamar ita, Inna. Hular robar ta rufe rabi ta bar rabi."

"To ban da ɗakina, ina kuma ya taɓa?"

"Ɗakinki kawai."

Auta ya sunkuya zai ɗauki akwatin. Inna ta ɗora sandarta a kai.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, ke kika ce ɗigo ɗaya. Jiya an ce wuri biyar."

"Na san abin da na ce, ba a kanka na fara magana ba. Rufi na yi wa sharaɗi. Rufin yaron nan bai yi yoyo ba, yayanka ne ya yi yoyo." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, kana tsammani yau na sani? Tun ranar da muka dawo daga asibiti na ga farcenka ya yi baƙi. Shekara hamsin ina kallon yatsan nan, ba ya baƙi sai ya gaisa da guduma. An gyara mini ido ranar, ka manta?"

"To me ya sa ba ki ce komai ba, Inna?"

"Ina jira in ji ko kana da baki. Da ka bari bawan Allahn nan ya tafi da laifinka a aljihu, da yanzu ina cikin mota. Yoyo na saba da shi. Wancan ne ban saba da shi ba."

Na buɗe baki zan yi godiya, har da wani ɗan jawabi da ya fara haɗuwa a kaina.

"Ban gama ba. Ɗan nan, gyaran kwana nawa?"

Mai Awo ya ce ba a yi wa irin wannan faci. Sai an warware kalmasar, a cire falle ukun, a murza sababbi, kuma naɗin kwanon da ya yi mana aiki da shi ya ƙare, sai ya yi oda. Mako uku, ko huɗu. Kafin nan zai liƙe ramukan, amma bai yi alkawari ba.

"To ni ba zan kwana a ƙarƙashin ƙusoshin Injiniya ba. Ɗauki akwatin, Auta, tunda hannunka na ƙaiƙayi. Kai shi ɗakin yayanka. Keken ma a kai can. Shi ya koma nawa, ya ji daɗin aikinsa."

Na dubi matata, don a irin wannan lokaci ake sanin abokin tafiya.

"Ni ina nan tare da Inna," ta ce. "Bokitin na bayan ƙofa."

Auta ya kai akwatin, ya dawo ya rufe but ɗinsa ba komai a ciki. Kafin ya tayar da mota ya leƙo ta taga. "Yaya, idan ka sami lokaci ka zo ka duba mini nawa rufin."

"Kada ki bar shi ya tuna hanyar gidan," Inna ta ce wa matata.

Mako biyar aka yi, ba huɗu ba. Liƙin Mai Awo ya riƙe ramuka goma sha biyu, biyu suka ƙi, kuma duk inda na ja gado sai ɗayansu ya same ni. Da sabon naɗin ya iso, ruwan tokarsa ya ɗan fi na farko haske. Mai Awo ya ce rana za ta daidaita su nan da 'yan shekaru. Ranar gyaran an ba ni aikin riƙe tsani, matata na zaune kusa tana lura da ƙafafuna. Mai shago ya sa an yi masa nasa kafin damina ta fita, da mutum biyu a bayan layinmu.

Yanzu daga bakin titi ana ganin layuka uku masu haske a kusurwar rufinmu. Baƙi sukan tambaya ko ado ne. Matata takan ce a'a, sa hannun maigidan ne, ta nuna musu inda nake zaune don ƙarin bayani.

Ɗakin kusurwa ya bushe ƙamas, an yi wa silin fenti, na je da kaina na shaida wa Inna cewa ɗakinta ya shirya. Ta ce ta ji. Ta ce namu ya fi iska, ga shi kusa da banɗaki, kuma a shekarunta yawan ƙaura ba shi da kyau.